Tarihin Shiyyoyin Gari a Mafara da Bakura da Maradun: Inda Ya Ke da Yadda Za a Tsare Shi

Duk wanda ya nemi labarin ƙasar Zamfara a rubuce, abin da zai fara samu shi ne jerin sarakuna da yaƙoƙinsu. Zai karanta yadda Gobirawa, a zamanin Sarkin Gobir Babari, suka ci Birnin Zamfara a tsakiyar ƙarni na 18, da yadda sarautar Zamfarawa ta yi ta ƙaura daga Kiyawa zuwa Sabon Gari da Ruwan Gora, har ta zauna a Anka. Littafin da Bajamushen nan Kurt Krieger ya buga a 1959 a kan wannan turba ya ke, haka kuma abin da Hogben da Kirk-Greene suka tara a 1966. Marigayi Dokta Garba Nadama ya faɗaɗa zancen a kundinsa na 1977, ya shigo da zaman jama'a da tattalin arziki. Dukansu sun yi aiki mai daraja. Amma idan malamin makaranta a Talata Mafara ya so ya gaya wa yaransa wanda ya fara kafa gida a shiyyar da makarantar ta ke, ko wanda ya gina rijiyar da ke bakin masallaci, ko dalilin da ya sa maƙera suka taru a gefe guda na gari, ba littafin da zai buɗe. Wannan labari yana bakin dattawa, yana cikin sunayen wurare, yana kuma kwance a kan ƙasa. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna cewa abubuwan nan uku a ɗaure su ke da juna, in ɗaya ya tafi sauran ba su daɗewa, kuma garuruwan nan uku sun riga sun ga haka da idonsu.

Shiyya da sunanta

Abin da Kanawa ke kira unguwa, mutanen Sakkwato da Zamfara shiyya su ke ce masa. Shiyya kuwa ba tarin gidaje kaɗai ba ce. Tana da mai unguwarta da limaminta da dandalinta, sau da yawa kuma tana da sana'ar da aka san ta da ita. A cikin tsofaffin garuruwan Hausa baƙo ba ya sauka inda ya ga dama. Sai ya nemi mai masauki, a kai shi gaban sarki ko hakimi, a yanka masa fili kusa da 'yan'uwansa ko abokan sana'arsa. Saboda haka sunan shiyya kan zama shi ne rubutu na farko na tarihinta.

Birnin Kano ya fi ko'ina nuna wannan a fili. Ayagi ta Yarbawa ce, Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa sunayensu sun faɗi inda mutanensu suka fito, Sharifai kuwa mazaunin zuriyar da ke danganta kanta da Shaihu Magili, wanda ya zo Kano a zamanin Muhammadu Rumfa. Alfindiki kalmar Larabci ce ta masaukin fatake. Dandalin Turawa ya fi su duka koyar da mai bincike hankali, gama Turawan da a ke nufi Larabawan Arewacin Afirka ne, tun kafin kalmar ta koma kan mutanen Ingila. Wanda ya fassara sunan da Hausar yau, ya ɓata tun daga ƙofa. A Sakkwato ma ga Giɗaɗawa, shiyyar zuriyar Waziri Giɗaɗo. Kano ta yi dace da marubuta: Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta Kano ta Dabo Cigari a 1958, John Paden kuma ya zauna ya yi nazarin unguwar Bakin Ruwa a littafinsa na 1973. Ƙananan biranen Zamfara ba su sami irin wannan hidima ba, ko da ya ke sunayensu ma suna magana. Sunan Talata Mafara kansa na ranar kasuwa ne, watau kasuwar Talata ta ƙasar Mafara, har yau kuwa ranar ce ta ke ci. Shiyar Galadima a cikin garin tana ɗauke da sunan sarauta, abin da ke nuna cewa an tsara zaman gari bisa gidajen masu riƙe da muƙamai.

Abin da garuruwan uku suka gani

Garuruwan nan suna kusa da juna a kwarin Gulbin Sakkwato, kowane da tsohuwar sarautarsa: Sarkin Mafara a Talata, Sarkin Burmi a Bakura, Sarkin Ƙaya a Maradun. Manyan al'amura sun bi ta kansu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi wajen shekara 5 yana wa'azi a Zamfara tun daga wajen 1786, ya zauna a Faru ta ƙasar Maradun, a lokacin nan ne kuma Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami ranar Babbar Salla, Shehu ya ƙi karɓar dukiya ya nemi a sauƙaƙa wa talakawa a kuma saki waɗanda ke tsare. A 1805, bayan wahalar Tsuntsuwa, jama'ar Shehu ta sauka a Sabon Gari ta Zamfara kafin ta wuce Gwandu. A 1891, shekarar da Abdurrahman ya hau gadon Sarkin Musulmi, gardama tsakanin Mafara da Bakura a kan garin Birnin Tudu ta zama yaƙi, rundunar Sakkwato ta zo ta murƙushe Mafara. Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka mai da ƙasashen nan gundumomin hakimai a ƙarƙashin En'e ta Sakkwato. A shekarun 1950 aka kawo Muhammadu Macciɗo Talata Mafara da sarautar Sarkin Kudu, shi ne wanda ya zama Sarkin Musulmi a 1996, shekarar da aka yanke Jihar Zamfara daga Sakkwato.

Littattafai sun tsaya a nan. Amma kowane ɗaya daga cikin al'amuran nan ya motsa mutane. Malami in ya zauna shekara biyar a wuri, almajirai kan biyo shi, waɗansu su yi aure su zauna. Yaƙi kan watsa ƙauyuka, mutanensu su shige bayan ganuwar gari mafi kusa, a ba su gefe guda. Sabon hakimi kan zo da barorinsa da malamansa da makaɗansa, su ma a yanka musu fili. Zaman lafiyar da ya biyo bayan 1903 ya sa mutane suka fita daga ganuwa suka kafa gidaje a gonakinsu, hanyar mota daga Gusau zuwa Sakkwato kuma ta jawo 'yan kasuwa da masu sana'a daga nesa. Tarihin shiyya shi ne inda a ke ganin sawun manyan al'amura a jikin ƙananan mutane. Da shi ne za a iya gwada abin da fada ta faɗa, a ga ko ya yi daidai da abin da ya sami talaka.

Darasin Bakolori

Ba wani abu da ya nuna ƙimar wannan sani kamar madatsar ruwan Bakolori. An soma gina ta a kan Gulbin Sakkwato a 1974, kamfanin Impresit na Italiya ne ya yi aikin, aka gama a 1978. Tsawon bangon ya wuce mil 3, tafkin da ya taru a bayansa kuwa ya rufe eka wajen 20,000 ta wajen Maradun. Mutum sama da 10,000 aka tasa daga gidajensu da fadamunsu aka kai su sababbin matsugunai a kan tudu, mafi girmansu shi ne wanda a ke kira Sabon Maradun. A ƙasan madatsar kuma, wajen Mafara da Bakura, motocin aiki suka baje gonaki don a shimfiɗa hanyoyin ban ruwa, aka sare itatuwa, manoma da yawa suka yi damina fiye da ɗaya ba su shuka ba.

Manomi ya san iyakar gonarsa da kuka ko ɗorawa ko layin gamba ko suri, maƙwabcinsa ma da su ya san tasa, dattawan shiyya kuwa su ne shaidu. Sa'ad da aka baje ƙasa, alamun suka tafi, shaidar dattijo ta rasa abin da za ta nuna da yatsa. Da aka zo rabon gonaki da biyan diyya, sai rikici ya tashi a kan wa ke da wane fili, da itace nawa ke cikinsa. Manoma suka tare hanyoyin aiki. A watan Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka ƙone gidaje a ƙauyuka, har da Birnin Tudu, garin nan da aka yi yaƙi dominsa a 1891. Gwamnati ta ce waɗanda suka mutu ashirin da 'yan kai ne, mutanen wurin da masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Björn Beckman da W. M. Adams sun rubuta labarin rikicin a shekarun 1980, suka bayyana al'amarin ƙasa da diyya. Abin da ya rage ba a tara shi yadda ya kamata ba shi ne kamannin tsofaffin matsugunan kansu: wace shiyya ke kusa da wace, ina masallaci ya ke, ina marina, ina maƙabarta, wane gida ne ya fara zama.

Abu biyu mu ke koya daga nan. Na farko, tarihin shiyya hujja ce ta haƙƙi, ranar da hukuma ko kamfani ya zo da awon ƙasa, wanda ke da rubutaccen labarin filinsa da shaidu ya fi ƙarfin magana. Na biyu, tunanin mutum a rataye ya ke da wuri. Dattijon da za ka zaunar a zaure ka tambaye shi tarihi, zai ba ka sarakuna biyar ya yi shiru. In ka fita da shi kuka bi lungu, kowane kango zai tuna masa da mai shi, kowace rijiya da wanda ya gina ta. Wanda ya ke da shekara 20 sa'ad da aka gama madatsar a 1978, yau ya doshi saba'in. Waɗannan su ne na ƙarshe da za su iya zana tsohon gari a ƙasa da tsinke.

Yau kuma ga wata ƙaura ta zo. Fitinar 'yan bindiga, wadda ta addabi Zamfara fiye da shekara goma, har ta kai ga sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara a watan Fabrairu na 2021, ta tashi ƙauyuka da dama, mutanensu suka taru a gefen manyan garuruwa. Yadda yaƙoƙin dā suka haifi shiyyoyi a cikin ganuwa, haka wannan ke haifar waɗansu a gaban idonmu. Kowane gida a cikinsu yana ɗauke da labarin gari biyu, wanda aka baro da wanda aka zo.

Inda za a nemi labarin

Maɓuɓɓuga ta farko ita ce dattawa, maza da mata. Mai unguwa ya san filaye da jerin waɗanda suka riƙe unguwa. Liman ya san limaman da suka gabace shi da inda suka yi karatu. Sarkin maƙera da sarkin pawa da sarkin aski kowa ya san asalin gidansa da ranar da baƙin sana'arsa suka shigo. Tsofaffin mata kuwa su ne ke riƙe da zaren aure, su ne za su gaya maka wace shiyya ke aurar da 'ya'yanta ga wace, da gidan da ba a neman aure a cikinsa da dalili. Ɗalibi namiji ba zai shiga inda su ke ba, saboda haka aikin da ba a sa ɗalibai mata a ciki ba, rabi ne aka yi.

Ta biyu ita ce makaɗa. Ƙasar nan ta fid da manya: Alhaji Musa Ɗanƙwairo, wanda aka haifa a ƙasar Bakura ya tashi a hidimar fadar Maradun, ya rasu a 1991, da Sa'idu Faru, makaɗin Sarkin Kudu Macciɗo. Waƙoƙinsu cike su ke da sunayen kakanni da garuruwa da masu muƙamai, an kuwa ɗauki da yawa a faifai. Sai dai makaɗin fada aikinsa yabo ne da zambo, yana ɗaga ubangidansa yana danne abokin takararsa. A ɗauki sunayen da ya ambata a je a bincika, kada a ɗauki hukuncinsa. Ƙananan maroƙa da masu kirarin maƙera da mahauta da 'yan dambe su ma suna riƙe da nasabar gidajen da fada ba ta kula da su ba.

Ta uku ita ce takardu. A cikin gafakar malaman zaure a kan sami wasiƙu da takardun rabon gado da bayanin haihuwa da rasuwa a gefen littafi, da Larabci ko ajami. A Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna akwai rahotannin ƙidayar haraji da jami'an Turawa suka rubuta a kan gundumomin Lardin Sakkwato, inda a kan lissafa garuruwa da yawan mutane da sana'o'i. Hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Gidan Arewa a Kaduna suna riƙe da waɗansu. Rahoton Bature kuwa ta bakin tafinta ya fito, mutane kuma sun san don haraji a ke tambayarsu, saboda haka sun fi ragewa da ƙarawa.

Ta huɗu ita ce ƙasar kanta: ragowar ganuwa da gurbin ƙofofi, rijiyoyi, karofin marina da aka bari, kududdufan da aka haƙi ƙasar gini, tsofaffin kukoki da maƙabartu. Waɗannan ba su ƙarya, sai dai ba su magana sai an zo da mai fassara su.

Tarkunan da ke kan hanya

Dattijo ba ya ƙidaya da shekarar Miladiyya, da al'amura ya ke aunawa. Wajibi ne mai tambaya ya riƙe jerin alamu a kansa: zuwan Turawa a 1903, yunwar Kakalaba ta 1914, isar jirgin ƙasa Ƙauran Namoda a 1929, yunwar 'Yar Gusau ta 1942, rasuwar Sardauna a 1966, canjin kuɗi zuwa naira da babban fari a 1973. In aka ce an gina masallaci shekara biyu bayan 'Yar Gusau, an sami shekara ke nan.

Sa'an nan kowace shiyya tana son a ce ita ce ta fari, kowane gida yana son asalinsa ya kai ga malami ko sarki. Inda a ke neman sarautar unguwa, labari kan lanƙwasa ya bi mai nema. Maganin wannan shi ne a rubuta kowace riwaya da sunan gidan da ya ba da ita, a jera su kusa da juna, kada ɗalibi ya mai da kansa alƙali. Akwai kuma labarin da ya fita daga littafi ko rediyo ya koma bakin dattijo, ya ba ka shi kamar daga kakansa ya ji. Tambaya guda ke tone wannan, watau daga wa ka ji. Mafi nauyi duka shi ne zancen bauta. Waɗansu gidaje kakanninsu ta hanyar yaƙi ko saye suka shigo, kowa a shiyya ya sani, ba mai faɗi. Tarihin da ya share wannan ya ragu, wanda kuma ya buga sunan gida ba da yardar mutanensa ba ya ci amana, ya kuma rufe ƙofa ga duk mai tambaya da zai zo a baya. Ana iya bayyana al'amarin a dunƙule a bar sunaye.

Mai da labari ga masu shi

An daɗe ana yi wa dattawan ƙasar Hausa tambayoyi, a tafi da amsa jami'a, a rubuta da Ingilishi, a ajiye a kan kanta inda jikan mai maganar ba zai taɓa gani ba. Wannan ba adanawa ba ne, sauya wa abu kabari ne. Abin da aka tara a shiyya, a fara karanta shi a shiyyar, a dandali ko ƙofar gidan mai unguwa, a gaban waɗanda suka ba da shi. A nan ne za a ji wanda zai ce an tsallake kakansa, ko an sa rijiya a inda ba nan ta ke ba, gyaran da babu malamin jami'a da zai iya yin sa. Bayan haka a rubuta da Hausa, boko da ajami, a bar kofi a makarantar firamare da masallaci da gidan mai unguwa, tare da taswirar da aka zana da hannu. Takardun malamai a ɗauki hotonsu a bar musu abinsu. Muryoyin da aka ɗauka da wayar hannu kada a bar su cikin wayar ɗalibi, gama waya kan ɓata ko ta lalace, a kwafe su a ajiye a wuri fiye da ɗaya.

Ma'aikatan wannan aiki suna nan kusa. Talata Mafara tana da Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha, Maru tana da kwalejin horon malamai mai tsohon tarihi, Gusau tana da jami'ar tarayya. Kowace shekara ɗaliban Hausa da na tarihi suna neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kai, da yawa kuwa suna maimaita abin da na gabansu suka riga suka yi. Da malamansu za su raba musu shiyyoyi, kowa ya ɗauki wadda ya fito, a ba su tambayoyi iri ɗaya don a iya gwama amsoshin, cikin 'yan shekaru da an rufe garuruwan nan uku. Ɗan shiyya ya fi baƙo samun shiga, tun ba yanzu ba da tafiya ƙauye ta zama abin tsoro, mutane kuma suna ɗari-ɗari da mai yawan tambaya.

In za a jera aikin bisa gaggawa, a fara da dattawan da aka taso daga tsofaffin matsugunan Maradun, a sa su zana garinsu gida-gida tun suna da ƙarfi. A bi da 'yan gudun hijirar da ke gefen gari, a rubuta sunayen ƙauyukansu da gonakinsu da iyakokinsu, domin ranar da za su koma, ko 'ya'yansu, takardar nan ita ce za ta tsaya musu shaida. Tsofaffin shiyyoyin cikin gari su biyo baya, kafin bulo da kwano su gama cinye katangun ƙasa.